Iya baki kaɗai ba ya ba kocin jami'a kofi a Amurka

Duk ranar Asabar, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, hankalin Amurkawa kan koma kan wasan ƙwallon jami'o'i, irin nasu da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, mai kama da zari-ruga. Filin jami'ar Michigan kaɗai na ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma a jihohi da dama albashin kocin jami'a ya ninka na gwamna nesa ba kusa ba. Shi ya sa duk lokacin da za a ɗauki sabon koci muhawara kan tashi: shin dole ne ya zama mai farin jini da iya baki, wanda zai yi jawabi ɗaya ƴan wasa su fito kamar zakuna? Tarihin wasan ya nuna cewa wannan baiwa tana taimakawa, amma ba dole ba ce, kuma ita kaɗai ba ta riƙe ƙungiya.

Masu cewa dole ce suna da hujja. Kocin jami'a na aiki ne da samari ƴan shekara 18 zuwa 23, kuma sai ya shiga gida-gida ya shawo kan yaro da iyayensa kafin ya samu ɗan wasa. Tun daga Yulin 2021 ƴan wasan na da damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, sauya jami'a kuma ya yi sauƙi, don haka wanda koci ya samu bana yana iya gudu baɗi. Deion Sanders ya nuna abin da farin jini ke iya yi a irin wannan kasuwa. Ya karɓi ƙungiyar Colorado a ƙarshen 2022, bayan ta ci wasa 1 tak cikin 12. Cikin ƴan watanni sababbin ƴan wasa suka yi tururuwa, tikiti ya ƙare, gidajen talabijin suka tare a garin Boulder.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. A kakar 2023 Colorado ta ci wasanni 3 na farko, sannan ta ci 1 kawai cikin 9 da suka rage. Dalilin a bayyane yake: ƙartin da ke tsare mai jefa ƙwallo ba su da ƙarfi, har aka kayar da ɗansa Shedeur fiye da sau 50 a kakar. Jawabi ba ya toshe irin wannan ɓaraka. Sai da Sanders ya sake layin masu tsaron, ya kuma ɗauko sabon mataimaki mai kula da ƴan baya, sannan ƙungiyar ta ci wasa 9 a 2024.

Labarin Ed Orgeron ya fi wannan tsanani. Ɗan jihar Louisiana ne mai kakkausar murya, wanda ƴan wasa da ƴan kallo ke so kamar su haɗiye. A 2019 ƙungiyarsa ta jami'ar LSU ta ci wasanninta 15 duka, ta ɗauki kofin ƙasa. Daga nan mai jefa ƙwallo Joe Burrow ya tafi gasar ƙwararru ta NFL, mataimaka biyu, Joe Brady da Dave Aranda, suka samu aiki a wasu wurare. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a 2020 ƙungiyar ta ci 5 ta faɗi 5, a Oktoban 2021 kuma jami'ar ta sanar da rabuwa da shi, tare da biyansa kusan dala miliyan 17 na sallama. Muryarsa da farin jininsa suna nan yadda suke. Abin da ya tafi shi ne mutanen da suka tsara wasan.

A ɗaya gefen akwai Nick Saban, wanda aka fi sani da ɗaure fuska da yi wa ƴan jarida faɗa. Ya ɗauki kofin ƙasa sau 7, ɗaya da LSU a 2003, shida da Alabama tsakanin 2009 da 2020. Koyarwarsa ita ce ɗan wasa ya daina kallon allon maki, ya mai da hankali kan aikin da ke gabansa a wannan daƙiƙa. Murnar nasara ba ta wuce awa 24 a wurinsa. Mataimakansa sun yi ta tafiya, ciki har da Kirby Smart da ya ci kofi da Georgia a 2021 da 2022, amma Alabama ba ta taɓa cin ƙasa da wasa 10 a kaka ba daga 2008 har ya yi ritaya a Janairun 2024. Kafin shi an ga Bill Snyder, mutum mai sanyin murya, wanda ya karɓi Kansas State a 1989 bayan ta yi wasa 27 a jere ba nasara, ya kai ta ga lashe gasar Big 12 a 2003 da 2012.

Ba wanda zai ce waɗannan biyu ba su zaburar da ƴan wasansu ba. Hanyar ce ta bambanta. Saban na da kwarjini, amma aiki ne ya ba shi: saurayin da ya ga waɗanda suka gabace shi sun samu shiga NFL shekara bayan shekara ba ya buƙatar doguwar huɗuba kafin ya yarda da horon. Shi ma Dabo Swinney na Clemson, mai fara'a da rawa a ɗakin ƴan wasa, wanda ya doke Alabama a wasan ƙarshe na kakar 2016 da ta 2018, ya yi hakan ne da Brent Venables a gefensa, ƙwararren da ya shekara 10 yana tsara masa tsaron baya.

Abin da ke cikin wannan muhawara ya wuce kofi. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ƴan wasan jami'a ne ke kai wa NFL. Sauran za su fita da takardar digiri ko babu, da lafiyar gwiwa da ta ƙwaƙwalwa ko babu. Kocin da ya yi wa yaro daɗin baki a falon iyayensa, sannan ya kasa samar masa horo mai kyau da kulawa da karatunsa, ya ci amanar shekarun da ba za su dawo ba. Don haka kafin shugabannin jami'a su ruɗu da wanda ya burge su a gaban kyamara, kamata ya yi su tambayi su wa zai ɗauko su taya shi, yadda yake tsara atisaye daga Litinin zuwa Juma'a, da kuma inda ƴan wasan da suka bi ta hannunsa suke a yau.