IRIN DA AKA GAURAYA DA MAGANI BA ABINCI BA NE

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi.

Kowa ya san garin maganin nan da muke gauraya iri da shi kafin shuka, mai rina dawa da gero su yi ja. Yana tsare burtuntuna da ruɓewar iri, ni ma ina amfani da shi, ban ƙi shi ba. To amma tun da 'yan bindiga suka hana mu gonakin nesa, sai mutum ya gauraya tiya biyar, ya shuka biyu a bayan gari, uku na nan ajiye. In Agusta ta zo rumbu ya ƙare, yara na kuka, ina kuke jin sauran zai tafi? Wallahi da idona na gani a wata kasuwar ƙauye, gero an wanke an shanya, ja-ja bai gama fita ba, ana aunarwa da rangwame.

Wanki launi yake fiddawa, bai gama da dafin. Haka ta faru a Iraƙi a 1971: an kai musu irin alkama mai maganin zaiba bayan lokacin shuka ya wuce, gargaɗin buhun kuma ba da Larabci ba. Suka wanke suka yi gurasa. Mutum fiye da 6,000 aka kwantar asibiti, 459 suka rasu. Gaskiya maganinmu na yanzu ba zaiba ba ne, amma a jikin takardarsa an hana ba mutum ko dabba. Da wane harshe? Turanci. Mu nawa ke karanta shi?

Ga kuma masu wanke ƙwaryar gauraya da tankin feshi a gulbin Gagare da Bunsuru, inda muke kamun kifi, shanu ke sha.

Ina kira ga NAFDAC ta tilasta rubuta gargaɗin da Hausa da ajami, malaman gona kuma su bi mu kasuwar Shinkafi ran Alhamis su yi bayani. Mu kuma mu gauraya daidai abin da za mu shuka ranar. Ɗan'uwa mai awo, in an kawo maka hatsi mai jan ƙura, komai arahar sa kada ka karɓa.

Naka,
Wani manomi mai awo,
Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara.