FIM ƊIN KILIYOBATARA: SARAUTAR DA BASHI YA CINYE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dattawan birnin Kano ba su manta da gardamar da aka sha a kan gidajen silima ba. Tun da aka buɗe Rex a 1937, gidajen nan a bayan ganuwa suke, wajen Sabon Gari da Fagge. A shekarar 1951 gobara ta kama El Duniya, mutum fiye da 300 suka rasu. A wannan shekara kuma aka buɗe Palace a Jakara, daura da Kasuwar Kurmi, watau silima ta shigo cikin birni ke nan, har samari suka riƙa jifan masu shiga. Ba a rabu da wannan ce-ce-ku-ce ba sai da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya mai da gidan asibiti a 1983. To, yau ganuwa ba ta tare kome. Abin da a da sai mutum ya saci jiki da dare ya je ya gani, yanzu ga shi cikin waya a aljihun yaron shago da na magatakarda. Daga cikin tsofaffin fina-finan da ke yawo haka nan akwai Cleopatra, wanda Amurkawa suka fitar a 1963, labarin Kiliyobatara, sarauniyar Masar ta ƙarshe kafin Rumawa su cinye ƙasar. A kansa nake so mu yi nazari a wannan mako.

Ba ina kwaɗaitar da kowa kallonsa ba ne, domin akwai tsiraici a ciki, ga kuma yadda aka ƙawata zaman banza da kashe kai har suka zama abin sha'awa, alhali kuwa hukuncinsu a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya dame ni shi ne mutane da yawa daga irin waɗannan hotuna suke ɗaukar tarihi, sai su tashi da zaton so ne ya rushe mulkin Masar. Wanda ya buɗe littattafai kuwa zai tarar da wani abu dabam wanda ya fi shafar ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, watau bashi.

ABIN DA AKA NUNA

Fim ɗin ya kai sa'a huɗu. Elizabeth Taylor ce ta fito a matsayin sarauniya, Rex Harrison ya fito a Yuliyas Kaisar, Richard Burton kuma a Antoniyo. Rabin farko ya nuna yadda ta shawo kan Kaisar, ta haifa masa ɗa, ta shiga birnin Rum a bisa wani ƙaton gunki ana janta da kaɗe-kaɗe da raye-raye. Rabi na biyu ya nuna yadda Antoniyo ya narke a sonta bayan an kashe Kaisar, ya yi sake da yaƙi, aka ci su a teku, kowannensu ya kashe kansa.

Shi kansa fim ɗin da labarinsa. Kamfanin 20th Century Fox ya soma shi da niyyar kashe dala miliyan 2. Aka gina birnin Iskandariyya na katako a Ingila a 1960, ruwan sama da sanyi suka hana aiki, jarumar ta kwanta ciwo har aka fid da rai, aka canja mai ba da umarni, sa'an nan aka kwashe kome aka koma Italiya aka sake gini daga tushe. Ita kaɗai an yi jinga da ita a kan dala miliyan 1, ta kuma sauya tufafi sau 65 a cikin fim ɗin. Kafin a gama kuɗin da aka kashe ya haura dala miliyan 31, wasu ma sukan ce 44 in an haɗa kome da kome. Shugaban kamfanin, Spyros Skouras, ya rasa kujerarsa a 1962. Ko da yake babu fim ɗin da ya fi shi ciniki a Amurka a 1963, sai da aka yi shekaru kafin uwar kuɗi ta dawo. Allahu Akbar! Masu ba da labarin almubazzaranci su ma almubazzaranci ya kusa kai su ƙasa.

ABIN DA BA A NUNA BA

Kiliyobatara asalinta Bagirkiya ce, daga gidan Batalimus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar na Makidoniya, wanda ya riƙe Masar bayan rasuwar Iskandar a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. (Shekarun da zan ambata a wannan sashe duk na kafin haihuwarsa ne, saboda haka ƙirgarsu baya-baya take tafiya.) An haife ta a shekara ta 69, lokacin da gidan nasu ya riga ya raunana, Rum kuwa tana ganiyar ƙarfinta.

Mahaifinta, Batalimus na 12, yana tsoron kada Rumawa su tsige shi su haɗiye ƙasar. Maimakon ya gyara tsakaninsa da talakawansa, sai ya nemi sayen sarautarsa a wurin baƙi. A shekara ta 59 ya yi wa Kaisar da Fombi, manyan Rum na lokacin, alkawarin talanti 6,000 domin majalisarsu ta amince shi ne sarki. Talanti ɗaya kimanin kilo 26 ne na azurfa, kuɗin shigar Masar na shekara kuwa, bisa abin da Sitarabo ya ruwaito, talanti 12,500 ne. Ke nan kusan rabin abin da ƙasa take samu a shekara aka bayar toshiyar baki. Da yake babu kuɗin a hannu, sai ya ranto da ruwa a wurin attajiran Rum, babbansu wani mai suna Rabiriyus. Nauyi ya faɗa kan talakawa, ga shi Rumawa sun ƙwace tsibirin Kubrus daga hannun ƙanensa bai ce uffan ba, sai mutanen Iskandariyya suka kore shi a shekara ta 58.

Ya gudu Rum, ya ƙara cin wani bashin. A shekara ta 55 ya yi wa Gabiniyus, gwamnan Rumawa na Sham, alkawarin talanti 10,000 in ya mai da shi kan gado da ƙarfin soja. Aka mai da shi, kuma cikin shugabannin dawakin wannan runduna akwai wani saurayi mai suna Antoniyo. Da sarki ya rasa abin biya, sai ya ɗauki shi Rabiriyus ɗin, mai binsa bashi, ya naɗa shi ma'ajin ƙasar Masar, domin ya tatsi kuɗinsa da kansa. Ya tatsa har jama'a suka tayar, ya tsere. A zamanin wannan sarki ne aka rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar har ta koma kimanin sulusi. Kowane ɗan Kurmi ya san ma'anar wannan: kuɗi ya karye, kaya sun tashi.

Wannan gadon Kiliyobatara ta tarar sa'ad da ta hau mulki a shekara ta 51, tana da shekara 18. Da Kaisar ya sauka Iskandariyya a shekara ta 48, ba neman aure ya kawo shi ba. Abokin gabansa Fombi ya biyo, ya tarar an kashe shi, sa'an nan ya ce a biya shi. Fulutarka ya ruwaito cewa bashin mahaifinta dirhami miliyan 17 da rabi ne, Kaisar ya nemi miliyan 10 nan take domin ya ciyar da sojojinsa. Ita kuwa a lokacin mutanen ƙanenta sun kore ta daga gadon sarauta, rundunar da ta tara kuma ba ta isa ta mai da ita ba. Shi yana bukatar dukiya, ita tana bukatar takobi. Abin da ke cikin zukata Allah kaɗai Ya sani, amma wannan lissafi a fili yake.

Haka kuma al'amarin yake da Antoniyo. Da ya kira ta Tarsus a shekara ta 41, yana shirin yaƙi da Farisa ne, yaƙi kuwa ba ya yiwuwa sai da kuɗi da hatsi da jiragen ruwa. Ta ba shi, shi kuma ya ba ta ƙasashe, har ya sa aka kashe mata 'yar'uwarta Arsinuwi wadda take tsoron za ta yi mata takara. Da rikici ya ɓarke tsakaninsa da Oktabiyan, magajin Kaisar, dukiyar Masar ce ta ɗauki nauyin yaƙin. Aka ci su a Aktiyum ranar 2 ga Satumba, shekara ta 31. A shekara ta 30 ta mutu tana da shekara 39, aka kashe ɗan da ta haifa wa Kaisar, Masar ta zama lardin Rum. Dukiyar da Oktabiyan ya kwasa ta yi yawan da ruwan bashi a kasuwar Rum ya faɗo daga kashi 12 cikin 100 zuwa kashi 4. Alkamar Nilu kuma ta koma ciyar da Rumawa, kana Ƙusɗanɗiniyya, wajen shekara 670, har zuwa lokacin da Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya buɗe ƙasar a zamanin Sayyidina Umar. Gaskiyar Hausawa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

DAGA INA LABARIN SO YA FITO?

Daga bakin wanda ya ci yaƙi. Oktabiyan bai so a ce Barume ne yake yaƙar Barume ɗan'uwansa a kan mulki ba, saboda haka a shekara ta 32 sai ya shelanta yaƙi a kan Kiliyobatara, ya baza cewa wata baƙuwar mace ce ta sihirce Antoniyo. Mawaƙan fadarsa suka ɗauka, marubutan Turai suka gada, daga bisani masu fim suka ƙara gishiri. Alhali shi Fulutarka, wanda daga wurinsa aka kwafi yawancin labarin, ya nuna kyanta ba wani na a zo a gani ba ne, fasahar harshenta ce abin mamaki, domin tana jin harsuna da yawa, har da na Misirawa wanda magabatanta ba su damu da koyonsa ba.

Malaman tarihi na Musulmi ba su gaji wannan gaba ta Rumawa ba. Mas'udi, wanda ya rasu a Masar a shekarar 956 Miladiyya, ya kawo labarinta a cikin Murujuz Zahab a matsayin mace mai hikima da falsafa, mai kusantar da masana, har ya jingina mata littattafai a kan magani. Ahmad Shauƙi, sarkin mawaƙan Masar, ya wallafa wasan kwaikwayo a kanta a 1929, ya nuna ta mai kishin ƙasarta. Ba wai an wanke ta ba ne, domin mai bautar gumaka ce, hannunta kuma bai kuɓuta daga jinin danginta ba. Abin lura shi ne labari yakan ɗauki kamannin mai ba da shi, shi ya sa aka umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

RABONMU A CIKI

Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa idan masu mulki suka saba da jin daɗi, kashe kuɗi yakan ƙaru, sai a ƙara haraji, sai 'yan kasuwa da manoma su karaya, sai kuɗin shiga ya ragu, daga nan daula ta kama hanyar rushewa. Gidan Batalimus misali ne sak. Mu ma nan Kano an riga an yi mana wannan gargaɗi. Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, nasiha a kan wajibban sarakuna, ciki har da karɓar dukiya ta hanyar halal da kashe ta inda ya dace. A nan birni kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam domin jama'ar Kano.

Ya kai ma'aikaci mai riƙe da alƙalamin gwamnati, takardar rancen da ka sa wa hannu yau, jikokin wasu ne za su biya. A 2005 Nijeriya ta daidaita da ƙungiyar masu ba da lamuni ta Faris, aka yafe mata dala biliyan 18, amma sai da ta zube sama da biliyan 12 kafin ta fita. Duk rancen da aka ci domin biki ko sayen goyon baya, ba domin abin da zai haifar da amfani ba, sawun Batalimus aka bi.

Kai kuma ɗan'uwana ɗan kasuwa, sau nawa muka ga an karɓi kaya bashi a Kantin Kwari, an karkatar da kuɗin wajen lefe da sabuwar mota da bikin kece raini, ranar biya ta zo a shiga ɓuya? Kayan aro ba ya rufe katara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da rubuta shi da kafa masa shaidu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, ya kuma taɓa janyewa daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashi halal ne ga mai bukata mai niyyar biya, in babu riba a ciki, amma amana ce da ba ta faɗuwa ko da mutuwa.

Saboda haka idan ka tarar da yaranka suna kallon jirgin zinariya da gunkin da ake ja, ka ba su labarin sarkin da ya naɗa mai binsa bashi ma'ajin ƙasarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya biya wa masu bashi, Ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, Ya wadata mu da halal ga barin haram, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.