Uwar Garke Ta Yi Shiru: A Gano Cuta Kafin Magani

Idan uwar garke, wato kwamfutar da ke rarraba fayiloli ga sauran kwamfutocin makaranta, ta daina amsawa, akasari akan gaggauta kashe ta a sake kunnawa. Wannan kuskure ne. Fayil ɗin da ake cikin adanawa, ko da sakamakon jarrabawa ne, yana iya lalacewa, sannan matsalar ta dawo gobe.

Likita ba ya ba da magani sai ya gano cuta. Da farko a duba wuta da waya. Sannan a aika mata da umarnin ping, wanda Mike Muuss ya ƙirƙiro a 1983. In ta amsa, hanya lafiya lau take. Sai a gwada ƙofa ta 445, wadda tsarin SMB ke rabon fayiloli ta cikinta. In a rufe take, manhajar ce ta tsaya, ko katangar tsaro ta tare. Bayan haka a duba ko faifai ya cika.

Lallai ne a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ɗalibin da ya saba da wannan ƙa'ida, ita ce za ta yi masa jagora a ɗakin gwaje-gwaje.