Ladabin Shiga Lif a Lokacin Annoba

Hausawa na cewa riga-kafi ya fi magani. Ban san nauyin wannan magana ba sai ranar da na ga kakata ta hau matakalar bene hawa uku da ƙafa, tana hutawa a kowane hawa, alhali ga lif yana aiki.

A shekarar 2020 ke nan, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Cutar korona ta shigo Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu ta Legas, kafin ƙarshen Maris kuma aka rufe makarantu, aka sa dokar zaman gida a Jihar Kaduna wadda ta yi fiye da wata biyu. Da aka sassauta, sai ni da Baba muka raka Kaka ganin likita a wani dogon gini cikin gari. An liƙa takarda a ƙofar lif cewa mutum huɗu kaɗai za su shiga. Mun shiga mu uku, sai ga wani babban mutum da mutanensa biyar sun danno ciki, takunkuminsa a ƙarƙashin haɓa, yana tari. Kaka kuwa tana fama da ciwon asma. Baba bai ce uffan ba, ya kama hannunta muka fito. Na ji wani daga cikinsu yana cewa, “Kai, wannan akwai girman kai!”

Ni a ganina, abin da Baba ya yi shi ne ladabi, ga kuma dalilaina. Hukumar NCDC ta ce a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da mutum, saboda ƙwayar cutar tana fita ne cikin numfashi da tari da atishawa. To, lif ɗan akurkin ɗaki ne wanda ba taga, galibi faɗinsa bai kai mita biyun ba ma. Kowa kuma madanni ɗaya yake taɓawa. Sauƙinta ɗaya, tafiyar ba ta daɗewa. Saboda haka in mutane kaɗan ne, kowa ya rufe hanci da baki, aka yi shiru, haɗarin ya ragu ƙwarai. In kuwa aka cushe kamar kifi a gwangwani, to numfashin wani shi ne naka.

Ladabin kuwa ba wuya gare shi ba. A bari na ciki su fito tukuna. A ba tsofaffi da marasa lafiya da masu juna biyu hanya. Mu samari da ’yammata masu jini a jika, in hawa ɗaya ne ko biyu, me zai hana mu bi matakala? Gaisuwa a yi ta da baki, hannu a ƙirji. Mai tari ya yi a gwiwar hannu. In an fito a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa ashirin.

Na san wani zai ce, yaya yaro zai dubi babba ya ce masa lif ya cika? Gaskiya ne, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Amma ai ba sai ka faɗa ba. Kai ka fito, ka ce, “Bismillah, ranka ya daɗe, ni na jira.” Ka girmama shi, ka kuma tsare kanka. Manya su ma su tuna cuta ba ta san babbar riga ba. Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa’i, da bakinsa ya sanar ranar 28 ga Maris 2020 cewa ya kamu, kuma a watan Afrilu cutar ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma’aikatan fadar shugaban ƙasa.

Wani kuma zai ce ai korona ta zama tarihi, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayun 2023. To, amma a wannan shekarar ce mashaƙo ya addabi Kano, ya kuma shigo sassan Jihar Kaduna. Ga sanƙarau da tarin fuka da mura, duk ta numfashi suke bi. Mu ’yan makarantar kwana ba mu da lif, amma dubi yadda muke turereniya a ƙofar ɗakin cin abinci, ko wajen shiga mota ranar hutu. Wanda bai iya jiran layi a nan ba, ba zai iya a ƙofar lif ba.

Kaka ta kwana biyu tana jinyar gwiwa bayan wannan hawa, don kawai mutum shida sun kasa jiran minti biyu. Ina roƙon ’yan’uwana ɗalibai da iyayenmu, in mun ga lif ya cika, mu haƙura mu jira na gaba. Allah ya kare mu daga annoba, amin.