Makullin da ba a ƙidaya ba ran miƙa aiki

In aka canja wa ma'aikaci wurin aiki, aka ɗauke shi daga Damagaram zuwa Tawa, akwai ƙa'idar da kowa ya sani. Ana zama, a ƙidaya makullan magaza, da hatimi, da mota, da abin da ya rage cikin akwatin kuɗi, a rubuta a takarda, wanda zai tafi da wanda ya zo su sa hannu gaban shaidu. Amma akwai wasu makullai da ba su shiga wannan takarda, ko da yake yau su ne suke buɗe rabin aikin gwamnati: kalmomin sirri na shiga na'ura mai ƙwaƙwalwa, da akwatin wasiƙun ma'aikata, da jerin albashi.

A ina suke kwana? Wasu a bayan kalandar da ke rataye a biro, wasu cikin ƙaramin littafin sakatare, wasu an aika su ta WhatsApp suna yawo cikin salular mutane goma. Mafi yawa kuwa cikin kan mutum guda suke. Ran da ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, ko Allah ya yi masa rasuwa, sai aiki ya tsaya cik, darakta ya koma neman lambar wani a wata jaha yana roƙo. Kalmar sirri ta ma'aikata dukiyar ma'aikata ce, kamar hatimi. Bai kamata ta bi mutum gida ba.

An daɗe da samun maganin wannan. Akwai manhaja da ke aiki kamar asusun ƙarfe: ana zuba dukan kalmomin a ciki, kowane ma'aikaci yana da makullinsa na kansa, kuma abin da aka rubuta masa kaɗai yake gani. Mai lissafin kuɗi ya ga nasa, mai kula da ma'aikata ya ga nasa. Manhajar tana ƙulle kalmomin tun cikin na'urar mai aiki kafin su isa ma'ajiya, ta yadda ko an sace ma'ajiyar, rubutun da ba ya karantuwa ɓarawo zai tarar. Ana iya ƙara wata lamba mai alƙaluma 6 wadda take canjawa kowace daƙiƙa 30 a salula.

Tambayar da ta rage ita ce inda za a aje asusun. Kamfanoni da yawa a ƙasashen waje suna aje wa mutane don kuɗin wata. Ɗaya daga cikin manyansu, LastPass na Amurka, ya shaida wa duniya a watan Disamba na 2022 cewa ɓarayi sun kwashe kwafin asusun masu hulɗa da shi. A ƙulle suke, amma sun fita hannu, kuma duk wanda babbar kalmarsa ba ta da ƙarfi ya shiga haɗari. Sannan ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Nijar suka ji a jikinsu. Ma'aikatar da makullanta suke hayin teku, irin wannan rana tana iya samun ta a ƙofar da ba ta buɗuwa.

Don haka hujjar masu cewa a aje a gida tana da ƙarfi. Manhajoji irin su Passbolt, wadda aka ƙera a Lukzambur musamman don aikin ƙungiya, da Bitwarden, wadda ta fito a 2016, ana iya girka su cikin na'urar ma'aikata kanta, kuma rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake, kowane masani yana iya binciken sa. Ga ma'aikatar da ke riƙe da sunayen talakawa da albashin malaman makaranta, wannan shi ya fi dacewa.

Sai dai kada wani shugaba ya ɗauka an girka an gama. Wanda ya gina rumbu a gidansa, shi zai yi yaƙi da gara. Labarin LastPass kansa yana da darasi a nan: kamfanin ya bayyana a 2023 cewa ɓarayin sun bi ta na'urar gida ta wani babban injiniyansa, wadda ke ɗauke da wata manhajar kallon fim da ba a sabunta ba, suka naɗi kalmarsa yana bugawa. In sakaci irin wannan ya ci kamfani mai ɗimbin ma'aikata, to ina ga biron da mutum ɗaya ne ya san na'ura, shi ne kuma ake aike gyaran injin buga takardu? Dole a sa mutum biyu, da sunansu a rubuce, su riƙa sabunta manhajar. Dole a yi kwafin asusun a aje a wani gini dabam, a kuma gwada maido shi lokaci lokaci, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ga zafin bazara, ga ƙura, ga ɗaukewar wutar lantarki. Duk a yi lissafinsu cikin kasafin shekara. Ma'aikatar da ba ta iya ɗaukar wannan nauyi ta jingina da wata babba da ke da masana, ya fi mata.

Abu na farko kuwa ba ya cin ko dala. A ƙara layi guda cikin takardar miƙa aiki: an rufe ƙofar wanda ya tafi, an buɗe ta wanda ya zo, an kuma canja duk kalmar da mai tafiya ya taɓa gani, tun da rufe masa ƙofa ba ya goge abin da ya riga ya haddace. Shaidu su sa hannu ƙarƙashin wannan layi kamar yadda suke sawa ƙarƙashin makullan magaza.