Mai nazarin harshe na bukatar sanin halin wutar lantarki

Akwai wani fannin bincike na injiniyoyi da ke duba yadda na'urorin lantarki za su yi aiki kusa da juna ba tare da wata ta dagula wa wata ba, da yadda sigina zai isa inda aka aike shi da tsabtarsa. Kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin wannan fanni, CISPR, an kafa shi tun 1934. Ɗalibin kimiyyar harshe kan ɗauka wannan ba ruwansa. Alhali da ruwansa dumu-dumu.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan jariri da itacen kuka rubutunsu ɗaya, tashi da faɗuwar murya ne ke raba su. Mai bincike yana auna wannan ta ƙirga sau nawa tantanin maƙwallato ke kaɗawa a daƙiƙa guda: wajen 85 zuwa 180 ga namiji, 165 zuwa 255 ga mace. To, wutar da ake sha a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gunjinta na iya shiga na'urar ɗaukar magana ta caja ko ta igiyar makirfo, tare da ninkinsa na 100 da 150, wato tsakiyar muryar namiji. Salula mai aiki da tsarin GSM kuwa tana aika saƙonta kashi-kashi sau 217 a daƙiƙa, daidai cikin muryar mace. Idan ƙarar ta yi ƙarfi, manhaja irin Praat na iya bin ta, ta zana layin da ba na mai magana ba ne.

Wasu za su ce ana tace ƙarar daga baya. Amma matacin da ke cire 150 yana haɗawa da muryar da aka je nema. Tsohuwar da aka ɗauka a wani ƙauyen Tawa kuma ba lalle a sake samun ta ba.

Rigakafin ba tsada: ɗauka da batir, cire caja, kashe salula, amfani da gajeriyar igiya mai rufin kariya. Ya kamata sashen kimiyyar harshe ya sa wannan cikin darasin furuci, ya gayyato malaman tsangayar kimiyya su koyar da shi. A jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin fizik, wannan haɗin gwiwa bai kamata ya gagara ba.