Ba Ku Buƙatar Kowa, Sai Gonar Gwauruwa

A Kirsimetin da ya wuce, bayan an tashi daga sujada an ci shinkafa, Yayanmu ya tara mu a gindin mangwaron gidan Baba, ya shimfiɗa wata faffaɗar takarda a kan benci. Zanen gida ne. Saura masa shekara biyu ya cika 35 a aikin gwamnati a Abuja, shi da maiɗakinsa kuwa sun yi addu'a sun yanke shawara cewa gida za su dawo, nan ƙauyenmu da ke bayan Kwoi. Ya riƙa bin zanen da yatsa yana nuna mana. Nan ɗaki uku, nan rijiyar burtsatse, nan sola, nan ɗakin kaji, nan kududdufin tarwaɗa, can garken alade, sauran fili kuma masara da citta. Katanga ta zagaye duka. Ya ce sun gaji da haya da cunkoson hanyar Mararaba, rayuwa mai sauƙi suke so, su ci abin da hannunsu ya shuka, su bauta wa Ubangiji cikin natsuwa. Sai ya rufe da maganar da har yau take mana yawo a ka: "Ba za mu buƙaci kowa ba."

Muka tafa, don ba a kunyata babba a gaban 'ya'yansa. Amma abin da ba mu faɗa a gindin mangwaro ba za mu faɗa a nan, domin ba Yaya kaɗai ba ne. Daga Kwoi zuwa Zonkwa har Pankshin, duk Disamba sai an shimfiɗa irin wannan takarda a gidajen da suke da ɗa mai shirin ritaya.

Kada a yi mana mummunar fahimta, ba dawowar muke ƙi ba. Mun san abin da ya koro ku. Tun da aka sauya tsarin fansho a 2004 ya zama na adashi, ma'aikaci ya san abin da aka tara masa shi ne iyakarsa, ba kuma ya ƙaruwa da saurin da farashin mudu yake ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, ɗan fansho mai zaman haya a birni ya zama abin tausayi. Wanda ya ce gara ya koma inda tuwo ba na saye ba ne, bai yi wauta ba. Gida gidanku ne. Ku zo.

Amma Yaya, filin da ka zana wa katanga ba daji ba ne. Shekara 22 ke nan matar marigayi ƙaninka take noma shi. Ita ta tumɓuke tofar da ta cinye shi bayan rasuwar Baba. Ita ta riƙa ɗauko kashin shanu da toka a ka har ƙasar ta yi baƙi. Da cittar wurin ta biya wa 'ya'ya huɗu makaranta, 'ya'yan da sunanka suke amsawa. Tana zaune a bakin taron nan ranar, tana ɓarar gyaɗa, ka bi ta kan gonarta da yatsa sau uku ba ka ɗaga kai ka dube ta ba.

Mun san ba abin da zai hana ka. A al'ada kai ne babba, mace kuma ba ta gadon ƙasa a wurinmu. A doka, tun 1978 ƙasa tana hannun hukuma ne, ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka a karkara, mai kuɗin ɗauko mai awo da binne turakun siminti kuwa shi ke riga kowa samun takarda. Gwauruwa ba ta da ko ɗaya, sai kantar hannu. Saboda haka duk lokacin da ɗan birni ya ce zai sauƙaƙa rayuwarsa, tambayar farko ita ce: rayuwar wa za ta yi nauyi a madadin tasa?

Mun san inda mafarkin ya fito. Maiɗakinka ta nuna mana a waya, iyalan Turawan Amurka a YouTube, uba da uwa da 'ya'ya reras, ana tatsar saniya, ana gasa burodi, ana addu'a a kan tebur, wai sun bar birni sun dogara da Allah da kansu. Abin sha'awa ne a ido. Sai dai kalmar da suke kiran wannan zama da ita tana da tarihi. A 1862 shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160 kyauta. Filayen nan ma ba daji ba ne, 'yan asalin ƙasar aka kora daga kansu. Tun daga tushe, "ba na buƙatar kowa" a kan gonar wani aka faɗe shi. Na cikin wayar kuma, wanda yake da masu kallo dubbai yana karɓar kuɗin talla, ka ce bai buƙaci kowa ba? Kai da kake kallonsa ma abincinsa ne.

In Kiristocin Amurka manoma kuke nema ku yi koyi da su, ku nemi labarin mutanen Amish na Pennsylvania da Ohio, waɗanda suka daɗe suna noma da dawaki. In rumbun ɗayansu ya ƙone, gari ne ke fitowa, maza su ɗaga sabo, mata su dafa abinci. Ba mu buƙatar fassara, sunan wannan gayya. Su da suka fi kowa nisa da birni, su ne suka fi kowa jingina da juna.

Bari mu zo kan aikin kansa, don a takarda gona ba ta da ƙaiƙayi. Yaya, rabonka da fartanya tun kana aji uku a sakandare. Citta ba ta san darakta ba. A Afrilu za a yi kaftu, a farfasa iri, a shuka, sannan a shiga daji a yanko ganye dami-dami a rufe gonar kaf don kada rana ta ƙona ta. A cire ciyawa da hannu, a tsugune, ba sau ɗaya ba. In kaka ta yi a tone, a tsaga kowace ɗaya da wuƙa, a shanya a hunturu, a kwashe in hadari ya taso. Mai shekara 60 da hawan jini ba zai yi wannan ba, maiɗakinsa mai ciwon gwiwa ma haka. Wa zai yi? Mu. 'Ya'yanmu. Watakila ita gwauruwar da kanta, ta dawo ƙwadago a gonar da ta raya, a biya ta da yamma a bakin ƙofar ƙarfe. Wannan ba dogaro da kai ba ne, sarauta ce ta ƙaramin gandu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma koyon noma da kuɗin giratuti.

Kana Abuja a 2023 lokacin da cuta ta faɗa wa citta a Jaba da Kachia da Kagarko. Ganye ya yi rawaya, ka tona ka tarar da ruɓa. Mutanen da suka zuba duk abin da suka mallaka sun tashi ba ko irin shekara mai zuwa. Ka san abin da ya riƙe mu? Wanda masararsa ta yi ya auna wa wanda bai samu ba. Zumuntar Mata suka juya adashinsu. Aka yi wa juna lamuni ba takarda. Cutar ba ta tsaya a bakin shingen kowa ta nemi izini ba, ba kuwa za ta tsaya a bakin katangarka ba.

Batun tsaro ba ma son mu tsawaita shi, kowa ya sani. Mun daina zuwa gonar nesa ɗai-ɗai. Samari ke kwana waje bi da bi. A ƙauyen da ake kashe fitila da wuri, gida ɗaya mai hasken sola da rufin kwano mai sheƙi allon talla ne. Ranar da aka buga ƙofa tsakar dare, Allah ya kiyaye, ba kifin kududdufi ne zai fito ba. Ranar da jini ya hau kuma, wani ne zai goya ka a babur zuwa asibiti cikin laka.

Ka ce don Ubangiji za ku yi. Kai dattijon ikilisiya ne, mu ba mu kai ka karatu ba, amma a majami'a ɗaya aka yi mana baftisma. Mun tuna da mai arzikin nan na cikin Luka wanda gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya shirya wa kansa hutun shekaru, bai kuwa ga wayewar gari ba. Shi ma shirin ritaya ya yi, ba kowa a cikin lissafinsa sai shi. Mun tuna da Ahab, wanda lambun ganye kawai yake so kusa da gidansa, sai dai a gonar inabin Nabot. Mun tuna Rut gwauruwa ce, kala ta je yi, da Bo'aza ya kewaye gonarsa da bulo da labarin ya ƙare tun a babi na biyu. Mun duba, ba mu ga inda aka yabi mutum don bai buƙaci kowa ba.

Ga abin da muke so. Kangon gidan Baba yana nan, ka gyara shi ka shiga. Bayansa akwai fili da zai ishi lambu da kaji da bishiyar lemo, daidai ƙarfin mutum biyu masu furfura. In burtsatsen za ka haƙa, ka fito da famfo ɗaya bakin hanya. Ka fara zuwa tun bana, kowace damina, ka shiga gayyar wani kafin ka kira taka. Abin da ka iya kuwa ba mu iya ba, rubuta takarda da sanin ƙofar ofis, muna matuƙar buƙatarsa, ƙungiyar manomanmu shekara nawa tana neman mai riƙe mata littafi. Gonar can kuma ka ɗauko mai awon naka, a binne turakun, a rubuta sunayen 'ya'yan ƙaninka.

Ka ce za ka zo da Ista a fara aza harsashi. Mun riga mun gaya wa dattawan gida da mai unguwa, za a zauna kafin a sauke bulo ko ɗaya. Ita kuwa ba ta ce komai ba har yanzu. Jiya da sassafe mun gan ta ta fito da irin cittar da ta ɓoye a inuwa, tana zaɓe, tana ware masu ido.